Balaraba Ramat Yakubu: matar da aka cire daga makaranta, ta dawo tana rubuta wa fim labari

A shekarun da kaset ɗin finafinan Hausa ke tsallako iyaka daga Illela ta jihar Sakkwato zuwa Birnin Konni, har ya isa ƙauyuka irin su Bazaga, masu kallo kan haddace sunayen 'yan wasa da waƙoƙinsu. Sunan wanda ya rubuta labarin kuwa, yakan gifta ne a ƙarshen fim, lokacin da jama'a suka riga suka fara tashi. Cikin sunayen da suka gifta haka akwai na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu.

An haife ta a Kano a 1959, ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammad, shugaban Najeriya da aka kashe a 1976. Sai dai wannan dangantaka ba ta hana a cire ta daga makaranta a yi mata aure tana 'yar shekara 13 ba. Auren bai ɗore ba. Daga baya ta koma karatu a azuzuwan yaƙi da jahilci, kuma da Hausa ta zaɓi ta yi rubutu.

Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987. A 1990, shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka fim ɗin bidiyo na farko a masana'antar Kano, ita ma ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? Tana cikin jagororin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba. Daga irin waɗannan littattafai, da wasu ke wa laƙabin “adabin kasuwar Kano” cikin raini, finafinan farko suka riƙa ɗibar labari.

A 1998 Abdulkareem Muhammad ya mayar da Alhaki Kuykuyo Ne fim. Labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta Alhaji Abdu ya kore ta bayan ya auro Delu. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe 'ya'yanta, har ta aurar da Saudatu. Da gobara ta cinye shagon Alhajin, sai aka taru aka matsa mata ta koma gidansa. Balaraba ba ta yi wa Rabi ƙarshe mai daɗi ba, kuma nan ne ƙarfin labarin: mace ta tsaya da ƙafafunta, amma ba a bar mata zaɓi ba.

Wa Zai Auri Jahila? ya fi kusa da rayuwarta: an cire Abu daga makaranta an ba wani dattijo, ta gudu, ta nemi ilimi. Ga mai karatu a jihar Tawa wannan ba tatsuniya ba ce, domin alƙaluman UNICEF sun nuna kusan 'yan mata 3 cikin 4 a Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Irin waɗannan jigogi sun jawo mata suka mai zafi daga masu ganin tana tona asirin gidajen aure.

A 2012 kamfanin Blaft da ke Chennai a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Aliyu Kamal ya yi, littafin Hausa na farko da mace ta rubuta da aka fassara zuwa Turanci. Abin lura, daga ƙasar da ake yawan zargin Kannywood da kwaikwayo fassarar ta fito.

Bayan shekara biyar ta dawo da Juyin Sarauta, fim ɗin tarihi a kan rikicin gadon mulki a wata masarautar Hausa ta da. Ita ta rubuta labarin, ita ta shirya shi, Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, tsohon abokin tafiyarta a Raina Kama, Ado Gidan Dabino, yana cikin manyan 'yan wasan.