Mai son koyar da lissafi a kwaleji ko jami'a, ga hanyar

'Yan uwa ɗalibai, a kowane aji ba a rasa mutum ɗaya ko biyu da ake kewayewa idan jarrabawar lissafi ta matso. Su ne masu riƙe alli bayan an tashi, suna warware wa abokai tambayoyin WAEC da NECO na shekarun baya. Idan kana cikinsu, ko kina cikinsu, kuma zuciyarka tana raya maka wata rana ka tsaya gaban ɗaliban kwalejin ilimi ko na jami'a kana koyar da lissafi, to wannan shafi naka ne. Sauran ma ku tsaya ku karanta, akwai tambaya a ƙasa.

Matakin farko kowa ya san shi. Sai ka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ka ci JAMB, ka yi shekara huɗu a jami'a ka fito da digirin farko, sannan ka tafi hidimar ƙasa. Wanda ya bi ta NCE zai iya shiga jami'a daga aji biyu. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, makin da ka fita da shi a digirin farko shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya. Yawancin jami'o'inmu ba sa ɗaukar mutum digiri na biyu sai yana da aƙalla daraja ta biyu, kuma sashen da zai riƙe ɗalibinsa a matsayin ƙaramin malami yakan duba masu daraja ta ɗaya ne ko ta biyu babba. Wanda ya yi wasa a aji ɗaya da aji biyu na jami'a da sunan zai gyara daga baya, lissafin da yake karantawa ne zai fara ba shi amsa, domin maki tarawa ake yi tun daga zangon farko.

Digirin farko kaɗai ba ya kai mutum nesa a wannan aiki. A kwalejin ilimi ko ta kimiyya da fasaha za a iya ɗaukar ka da shi a matakin ƙasa, amma ƙarin girma zai tsaya sai ka kawo digiri na biyu. A jami'a kuwa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta daɗe tana nanata cewa digiri na uku ne ya kamata cikakken lakcara ya riƙe. Digiri na biyu yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, na uku kuma aƙalla shekara uku. A takarda ke nan. Idan yajin aiki ya gitta, ko malamin da ke duba aikinka ɗalibai sun yi masa yawa, sai ka ƙara. Wanda ya gama sakandare yana da shekara 18, in komai ya tafi daidai, zai kusa 30 kafin a kira shi dakta.

To me ake karantawa a duk waɗannan shekaru? A nan ne da yawa suke shan mamaki. Mu a sakandare gwanin lissafi shi ne mai saurin fitar da amsa. Can sama kuwa ba amsa ake tambaya ba, hujja ake tambaya: me ya sa abin ya zama haka, kuma me ya tabbatar maka zai zama haka kullum?

Ga misali. Ɗauki kowace lamba, ka ninka ta da kanta, ka ƙara ta a kai, sannan ka ƙara 41. Da 1 za ka samu 43. Da 2 za ka samu 47. Da 3 za ka samu 53. Duk waɗannan lambobi ne da ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya, irin waɗanda muke kira firam a aji. Ci gaba da gwadawa, 10, 20, 30, har 39, ba za ta ba ka kunya ba ko sau ɗaya. Da yawanmu a nan za mu rufe littafi mu ce ai doka ce. Amma gwada 40. Za ka samu 1681, wanda shi ne 41 sau 41. Doka ta rushe. Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, ya san da wannan tsari tun ƙarni na 18. Gwaji 39 da suka yi daidai ba su hana na 40 ya ƙaryata su ba.

Yanzu ga yadda hujja take. Tara lambobin mara a jere: 1 da 3 sun ba da 4, ƙara 5 ka samu 9, ƙara 7 ka samu 16. Wato 2 sau 2, 3 sau 3, 4 sau 4. Shin haka za ta yi ta tafiya, ko ita ma akwai inda za ta yi tuntuɓe? Samo marafan kwalba ka jera uku-uku layi uku, su ba ka murabba'i mai tara. Idan kana so ya koma huɗu-huɗu, sai ka ƙara uku a gefe, uku a sama, da ɗaya a kusurwa, bakwai ke nan. Daga huɗu zuwa biyar kuma huɗu a gefe, huɗu a sama, ɗaya a kusurwa, tara. Komai girman murabba'in, abin da za ka ƙara shi ne ninkin gefensa biyu da ɗaya, kuma duk lokacin da gefen ya ƙaru da ɗaya, abin ƙarawar zai ƙaru da biyu, wato ya faɗa kan lambar mara ta gaba. Ba sauran buƙatar gwaji. Ko da lamba miliyan aka zo maka, ka riga ka san amsa, kuma ka san dalili.

Irin wannan tunani shi ne abincin yau da kullum a digiri na biyu. Kalkulas ɗin da ake koya wa 'yan ajin ƙarin lissafi, can za a kwance shi a sake gina shi daga tushe, har ka iya nuna dalilin da ya sa 0.999 da tara ba iyaka daidai yake da 1. Aljabara kuma za ta bar neman x, ta koma binciken tsarin haɗawa kansa. Dubi agogo: ƙarfe 9 ka ƙara awa 5, sai ka ce ƙarfe 2, ba 14 ba. Lissafi ne mai dokokinsa, kuma da danginsa ake kulle bayanan banki a waya. Masu son abin da ya shafi rayuwa kai tsaye suna da fagensu, kamar lissafin yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda a cikin al'umma. Bayan kwasa-kwasan sai kundin bincike, wanda za ka kare a gaban malamai har da wani da aka gayyato daga wata jami'a. A digiri na uku kuwa ba a yarda ka maimaita abin da wani ya gano ba. Dole ka zo da sabon abu, komai ƙanƙantarsa.

Wani zai ce, mutumin da aikinsa koyar da 'yan NCE ne, ina ruwansa da duk wannan zurfi? Ruwansa kuwa babba ne. Ɗaliban da ke gabansa su ne gobe za su shiga azuzuwan firamare da ƙaramar sakandare. Idan malaminsu haddar dokoki kawai ya iya, haddar za su kai wa yara, kuma ranar da yaro ya ɗaga hannu ya tambayi dalilin da ya sa ragi sau ragi yake zama ƙari, sai a ce masa haka yake a littafi. Da yawa daga masu cewa sun tsani lissafi, daga irin wannan amsa tsanar ta fara.

Hanyar ta rabu biyu, kuma gara ka sani da wuri. Akwai digiri na biyu a lissafi zalla, akwai kuma na ilimin koyar da lissafi, wanda ake yi a tsangayar ilimi, inda ake nazarin yadda yara ke fahimta, da inda suke rikicewa, da yadda ake tsara manhaja. Sashen lissafi na jami'a na farkon yake nema. Kwalejin ilimi tana son mutum ya haɗa lissafin da shaidar koyarwa, shi ya sa masu digirin lissafi zalla suke yin difilomar PGDE su yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. Kada wani ya raina hanya ta biyu. Marigayiya Farfesa Grace Alele-Williams a fannin koyar da lissafi ta yi digirinta na uku a Jami'ar Chicago ta Amurka a 1963, kuma a 1985 ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Nijeriya, wato Jami'ar Benin. 'Yan mata, ku riƙe wannan suna. Ta ɗaya hanyar kuma akwai Farfesa Iya Abubakar, ɗan Adamawa, wanda ya yi digiri na uku a Cambridge ta Ingila, ya koyar da lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma shugabance ta daga 1975 zuwa 1978. Kafin su duka, Muhammad al-Kashinawi, malami Bakatsine, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake tsara lambobi a gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. A Alƙahira ya rasu a 1741.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke tsayar da mafi yawa. Gaskiya albashin lakcara ba ya sa mutum ya yi arziki, kuma yayin da kake fama da kundi, abokan karatunka da suka shiga banki ko kasuwa za su riga ka sayen mota. Amma lissafi yana da ƙofofin tallafi da ba kowane fanni ke da su ba. Cibiyar AIMS, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, kuma tana ɗaukar ɗaliban Afirka digiri na biyu na shekara ɗaya, ta ɗauke musu kuɗin makaranta da masauki da abinci. Cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da difiloma ta shekara ɗaya mai shirya ɗaliban ƙasashe masu tasowa shiga digiri na uku. Wanda kuma ya riga ya samu aiki a kwaleji ko jami'ar gwamnati, asusun TETFund yana ɗaukar nauyin ƙarin karatun malamai. Duk waɗannan takara ake yi, kuma makin digirin farko da wasiƙar shaida daga malamanka su ake fara dubawa.

Mu da muke sakandare, abin da ke hannunmu yanzu shi ne mu ɗauki darasin ƙarin lissafi idan akwai mai koyar da shi, kada mu guje shi don tsoron ya ɓata mana sakamako. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a Abuja tana shirya gasar Olimfiyad ta ɗaliban sakandare, kuma tambayoyinta irin na hujja ne, don haka ku tambayi malamin lissafi yadda ake shiga. Turanci ma kada a sake da shi, domin hujja da jimloli ake rubuta ta.

Ga tambayar wannan fitowa. Ɗauki kowaɗanne lambobi uku da ke bin juna, kamar 7 da 8 da 9, ka tara su. Jimlar za ta rabu gida uku ba saura. Ba misalai muke so ba, ko guda ɗari ne. A rubuto mana dalilin da ya sa dole ta zama haka kullum, a sa suna da aji, a miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Juma'a. Hujjar da ta fi fita sarai za mu liƙa ta a nan a fitowa ta gaba.