Me 20:10:10 ke nufi a jikin buhun taki?

Duk damina sai an ji labarin rabon takin NPK 20:10:10, manoman shinkafa da albasa a Yauri, Ngaski da Shanga kuma sun saba ganin lambobin. Kaso ne cikin ɗari na sinadarai uku: naitirojin, fosfat da fotash. Ke nan buhu mai kilo 50 na ɗauke da naitirojin kilo 10.

Raba kowace lamba da 10, ka samu 2:1:1. Raba 10:5:5 da 5, nan ma 2:1:1, wato haɗinsu ɗaya. Shi kuwa 15:15:15 ya koma 1:1:1, haɗinsa daban.

Sai dai haɗi ɗaya ba ƙarfi ɗaya ba ne. Buhu biyu na 10:5:5 ke tsayawa a madadin buhu ɗaya na 20:10:10. A duba lamba kafin a sallama kuɗi.