Kafin a Ɗaure Kaya Zuwa Ƙaramin Birni

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lissafin zama a manyan birane ya dagule wa magidanta da yawa. Ma'aikacin da ke kwana a Mararaba, ya yi sammako don tsallake cunkoson Nyanya zuwa Abuja, kuɗin mota kaɗai na lashe kaso mai tsoka na albashinsa. A Kano da Legas kuma mai gida kan nemi hayar shekara a dunƙule, ga la'adar dillali a kai. Shi ya sa hankalin jama'a ke karkata ga birane matsakaita irin su Gombe, Dutse, Zariya, Lafiya da Keffi. Shawara ce mai kyau, sai dai arhar haya kaɗai ba ta isa hujjar ɗaure kaya ba.

Tambayar farko ita ce: me ke riƙe da garin? Dutse ta zama hedikwatar Jigawa a 1991, Lafiya kuma ta Nasarawa a 1996, kuma har yau albashin gwamnati ne ke juya kasuwanninsu. Idan an biya ma'aikata, ciniki ya tashi. Idan wata ya yi nisa, littafin bashin mai shago ya cika. Zariya kuwa garin ɗalibai ce, tun kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Lokacin da malaman jami'a suka shafe wata takwas suna yajin aiki a 2022, masu sayar da abinci da 'yan acaɓa da masu ɗakunan haya a Samaru sun ji a jikinsu. Gombe ta ɗan bambanta, domin jihar ta yi iyaka da sauran jihohi biyar na arewa maso gabas, fatake na ratsa ta da hatsi da dabbobi. Amma kwararar mutanen da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe ta sa filaye da haya sun yi tsada a can ma. Tela ko makanike ko mai shagon magani, kowa ya fara duba ko masu sayen sana'arsa suna garin.

Sai ruwa. Mai neman gida ya je a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya. Kada ya tambayi dillali, ya tsaya bakin layi ya tari ɗan garuwa mai tura kurar jarkoki, ya ji nawa jarka take kuma daga ina ake ɗebowa. Idan famfon tsakar gida ya yi tsatsa, ga manyan durom jere a zaure, amsa ta fito. Zariya ta yi shekaru tana fama da ƙarancin ruwan famfo. Gombe na shan ruwa daga madatsar Dadin Kowa, amma akwai unguwannin da sai an yi haƙa mai zurfi kafin burtsatse ya kawo ruwa. Abin da aka rage a haya yana iya ƙarewa a hannun 'yan garuwa.

Ziyara ta biyu kuma a watan Agusta, tsakiyar damina, don duba haɗarin ambaliya. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri. A ƙarshen Mayun 2025 ambaliya ta kashe mutane fiye da 150 a Mokwa ta jihar Neja. Lokoja ta nutse a 2012, ta sake nutsewa a 2022, yankin Haɗeja ma ya saba da wannan tashin hankali. Alamun ba sa ɓuya: layin danshi a jikin katanga, dakalin da aka ɗaga a ƙofar gida, buhunan yashi a bakin kwata, kwalbatin da shara ta toshe. A Gombe abin tsoron zaizayar ƙasa ce, inda kwari ke cin gidaje sannu a hankali. Fili mai arha a bakin kwari, akwai dalilin arharsa.

Wutar lantarki ma sai an bi ta unguwa-unguwa. Tun Afrilun 2024 waɗanda ke rukunin Band A aka ɗora wa kuɗi mai yawa, bisa alƙawarin wutar awa 20 a rana. Mai walda ko mai sayar da ƙanƙara ya san layin da shagonsa zai hau kafin ya biya ko sisi.

Asibiti kuwa a auna shi da tafiyar dare, ranar da naƙuda ta zo da gardama. Gombe na da asibitin koyarwa na tarayya, Zariya na da na Shika, Keffi da Azare na da asibitocin tarayya. Labarin tsaron hanya kuma direbobin tasha sun fi kowa saninsa: su ne za su faɗi hanyar da ba a bi bayan la'asar.

Inda aka fi yin kuka shi ne sayen fili. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, don haka takardar mai unguwa da sa hannun shaidu ba su kai shaidar mallaka ta gwamnati ba. Filayen awon igiya da ake yankawa a bayan gari sukan faɗa kan hanya ko makaranta a taswirar hukuma, wani lokaci ma a sayar wa mutum biyu fuloti ɗaya. Kaduna na da hukumar KADGIS, Gombe na da GOGIS, Nasarawa na da NAGIS, inda ake bincika matsayin fili kafin a biya. Mai shirin ƙaura ya fara kama haya ta shekara guda, ya ga bazara da damina a unguwar, sannan ya kai lambar filin ofishin hukuma a duba masa kafin ya miƙa wa dillali kuɗi.