Tambayoyin yaran Bunkure da littafin da zai amsa musu

A Bunkure da Kura, yaro kan tashi yana ganin ruwa na gudu a magudanan noman rani tsakiyar Maris, alhali ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba. Daga ina ruwan yake? Ina jiragen jirai ke tafiya bayan girbin shinkafa?

Amsar tambayar farko tana madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Sai dai da wuya yaro ya ci karo da wannan labari a littafi mai hotuna da aka rubuta da harshensa.

Tun 1937 Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya nuna cewa Hausa na iya riƙe hankalin yara. A yau shafin African Storybook na ɗauke da labarai masu hotuna na Hausa kyauta, waɗanda iyaye za su iya buɗewa a waya.

Abin da ya rage shi ne marubuta da masu zane su sa gonar tumatir ta Kadawa cikin littafi, domin yaron da ya ga garinsu a shafi ya fi saurin son karatu.