Ganyen da Muke Ƙonawa: Sarrafa Shara a Aikin Lambun Ƙawa

Duk wanda ya saba sammakon zuwa lacca a lokacin hunturu ya san wannan hayaƙin. Masu shara sun tattara busasshen ganye da manjagara, sun tsiba shi a gindin katanga, an ƙyasta ashana. Kafin hantsi ya zama toka. Bayan 'yan makonni kuma sai ka ga an turo baro cike da baƙar ƙasa da aka sayo, ko buhun takin zamani, za a zuba wa furannin wurin. Wato an ƙone abincin shuka, an koma kasuwa neman wani. Wannan maƙala za ta duba yadda masu aikin ƙawata fili da ciyawa da furanni da itatuwa za su iya cin moriyar sharar da aikinsu yake haifarwa, da kuma inda ya kamata a yi hattara.

Tun da mu ɗaliban harshe ne, bari mu fara da kalmomi. A Hausa, shara sunan aiki ne, kuma sunan abin da aka share. Inda ake zubar da ita shi ne juji ko bola. Idan ta daɗe a can ta ruɓe, manomi ya zo ya ɗiba, to ta tashi daga shara ta koma taki. Abu guda ne ya sauya suna, darajarsa kuma ta sauya tare da sunan. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano tun a shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna kan shigo birni da itacen girki, su fita da mangala cike da taki. Da wannan taki ne ake noma gonakin yankin kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba. Ke nan abin da a yau ake kira sake sarrafa shara ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Abin mamaki shi ne, a lambun ƙawa, inda ganye ya fi yawa, a nan aka fi yin watsi da shi.

Me ake asara idan an ƙone?

Ganye da ciyawa suna ɗauke da sinadaran da shuka ta zuƙo daga ƙasa. Idan aka cinna musu wuta, kusan dukkan naitirojin da ke cikinsu yakan bi hayaƙi, alhali shi ne ke sa ganye ya yi kore shar. Toka takan riƙe fotashiyam da kalsiyam, don haka ba a ce ba ta da amfani ba. Amma babbar asarar ita ce jikin ganyen kansa, wanda in ya ruɓe yake sa ƙasa ta yi laushi, ta riƙe ruwa, tana da sauran ƙananan halittu su sami abinci. Takin zamani ba ya yin wannan aikin. Ga kuma hayaƙin, wanda mai asma ya fi kowa sanin illarsa.

To, a loda a mota a kai bola mana? Nan ma da saura. Idan ɗanyen ganye da ragowar abinci suka danne a ƙarƙashin tulin shara inda iska ba ta shiga, ruɓewarsu takan fitar da iskar gas mai suna mitan, wadda take kama wuta kuma take ƙara ɗumamar yanayi. Mazauna Legas ba za su manta da gobarar da ta tashi a bolar Olusosun da ke Ojota a watan Maris na 2018 ba, lokacin da hayaƙi ya turnuƙe unguwannin da ke kewaye. Duk ganyen da aka sarrafa a inda ya faɗi, an rage wa irin wannan bola kaya, an kuma huta da kuɗin mota.

Yadda ake haɗa takin

Hanyar da aka fi sani a rubuce ita ce wadda wani Bature masanin aikin gona, Albert Howard, ya tsara a garin Indore na ƙasar Indiya tsakanin 1924 da 1931, bayan ya daɗe yana lura da yadda manoman can suke yi. Asalinta mai sauƙi ne: a jera busasshen abu da ɗanye hawa-hawa, a jiƙa, a riƙa juyawa.

Busasshen ganye da ƙananan rassa da garin katako suna da kabon mai yawa. Ɗanyar ciyawar da inji ya yanke, da kashin kaji, da kashin shanu, su ke da naitirojin. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da tsibin sun fi yin aiki idan kabon ya ninka naitirojin kamar sau 25 zuwa 30. Mai lambu ba ya bukatar awo a ɗakin gwaji. Ya zuba baro biyu ko uku na busasshe, ya bi da baro ɗaya na ɗanye, ya barbaɗa 'yar ƙasa da toka kaɗan, ya yayyafa ruwa, ya sake. Laimar da ake so ita ce irin ta tsumman da aka matse: da danshi, amma ba ya ɗiga. Tsibin ya kai kamar mita ɗaya a tsawo da faɗi, domin ƙarami ba ya riƙe zafi.

Bayan kwana uku ko huɗu, a soka sanda a tsakiya a zaro. In ta fito da zafi, aiki ya kankama. Tsibi mai kyau yakan kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salsiyas, kuma wannan zafin ne ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Idan ya fara hucewa sai a juya da shebur, na gefe ya koma ciki. Hanci ma malami ne a nan. In wari ya tashi, ruwa ko ɗanyar ciyawa sun yi yawa, sai a ƙara busasshen ganye. In kuwa makonni sun wuce ganye na nan yadda yake, ƙishirwa ce ko ƙarancin kashin dabbobi. Cikin wata uku ko makamancin haka, taki yakan nuna, ya yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka.

Akwai wani bambanci da ya kamata a lura da shi. A arewa, inda rana da iskar hunturu ke busar da komai, rami ya fi, don yana tsare laima. A nan kudu kuwa, rami da damina rijiya ce. Gara a yi tsibi a kan tudu, a rufa shi da ganyen ayaba ko tsohon buhu. Kashin shanu ba ya wuya ga wanda ya san hanyar kara ko mayanka, kuma da yawa daga cikin masu fulawa na bakin titi a Legas da Ibadan 'yan arewa ne da suka san wannan hanya sarai.

Ba komai ake zubawa ba. Saiwar ƙiri-ƙiri da 'ya'yan aya-aya sukan tsira daga zafin su sake tofowa a cikin furanni, don haka a shanya su har su mutu tukuna. Shukar da cuta ta kama ita ce ta cancanci wuta. Ganyen mangwaro mai tauri ne, yana son a daddatsa shi. Garin katako kuma kada a cuɗa shi ɗanye da ƙasa, domin yayin ruɓewa yakan janye naitirojin, sai ka ga shuka ta yi rawaya.

Wanda ba shi da lokacin haɗa tsibi, akwai hanya mafi sauƙi: ya shimfiɗa ganyen a gindin itatuwa da furanni, kaurin yatsu uku ko huɗu. Yana hana ƙasa bushewa, yana danne ciyawa, yana rage yawan ban-ruwa. Sai dai a bar ɗan fili tsakaninsa da jikin itacen saboda gara da ruɓewa. Matsalar a nan ta ido ce. Mai gida ko shugaban ma'aikata yakan ga ganye a ƙasa ya ce ba a yi shara ba, domin a wurinmu tsabta ita ce ƙasa tas. A ganina wannan fahimta ta fi rashin kayan aiki hana ruwa gudu.

Leda da taya

Masu fulawa sun riga kowa gane amfanin ledar fiya-wata. A yanke bakinta, a huda gindin, a cika da ƙasa, ta zama mazubin renon dashe ba tare da an kashe ko kwabo ba. Laifin da ake yi shi ne ranar dashe, a yage ledar a bar ta cikin rami. Leda ba ta ruɓewa, kuma tana tare saiwa. Tsofaffin tayoyi ma akan shafa musu fenti a shuka furanni a ciki, ko a kafa su a matsayin iyaka. Ya fi ƙona su nesa ba kusa ba, amma a huda su, domin ruwan da ke kwanciya a cikin taya matattarar sauro ce. Fasassun bulo da duwatsun da suka rage daga gini kuwa, da su ake shimfiɗa 'yar hanya a tsakanin furanni.

Saura baƙar ƙasar nan da muka ambata a farko. Wani lokaci daga tsohuwar bola ake haƙo ta, kuma bolar yau ba jujin da jakunan Kano suka sani ba ce. Wancan toka ne da kashin awaki da ƙaiƙayi. Na yanzu akwai fasasshiyar kwalba, da allurar asibiti, da matattun batura masu ɗauke da dalma da sauran ƙarafa masu guba. Mai lambun da ke cusa hannu a ciki shi ne na farko da zai ji rauni, sannan in an shuka alayyafo ko tumatir a gefen furanni, kamar yadda masu gadi da yawa suke yi, gubar tana iya kaiwa tukunya. Shi ya sa rarrabewa tun a wurin shara ta fi tacewa daga baya: buhu ɗaya na ganye, ɗaya na leda da roba, ɗaya na kwalba da gwangwani. Na biyu da na uku a miƙa wa 'yan jari-bola, su zaɓi abin da yake da kasuwa. Na farko kuwa ko ƙofar lambun bai kamata ya fita ba.