Me ke sa oba-oban mota yin shuu?

[SAUTI: Shuuun rediyo, da muryar da ke yankewa daga nesa. A sassauta.]

MAI GABATARWA: Yau shirin zai shiga gaban mota, wurin da ake ɗaure rediyon oba-oba.

Motar 'yan sanda, motar ɗaukar marasa lafiya, motar 'yan kwana-kwana, motocin rakiyar kuɗi da na kamfanonin gina hanya, duk suna dogaro da wannan ɗan akwati mai makirfo, musamman a dajin da waya ba ta da sabis. Matsalar da masu amfani da shi suka fi kuka da ita guda ce: ana cikin magana sai ƙara ta rufe murya. Direba ya daki akwatin, ya murɗa maɓalli, daga ƙarshe ya yanke hukunci cewa rediyon ya mutu, a sayo sabo. Sau da yawa sabon ma da an ɗaura shi sai ya ci gaba daga inda tsohon ya tsaya, domin tun asali rediyon lafiyarsa ƙalau, yana faɗin abin da ya ji ne kawai. Kowane abu da ke haddasa ƙarar yana da irin muryarsa, kuma mai gyaran da ya iya saurare kan kama mai laifin tun bai ɗauki sufana ba.

[KIƊA: gajere]

Rigimar ta daɗe. A 1928 'yan sandan birnin Detroit na Amurka suka fara aika saƙo zuwa motocinsu ta rediyo, sai dai na cikin mota ji kawai yake yi, ba ya iya mayar da amsa. A 1933 'yan sandan Bayonne, a jihar New Jersey, suka fara magana ta ɓangare biyu. Duk a tsarin AM ake yi, tsarin da ke ɗora murya a kan hawa da saukar ƙarfin sigina. Tartsatsin wuta shi ma hawa da saukar ƙarfi yake haifarwa, don haka rediyon AM ba ya iya bambance shi da magana.

A wannan shekara ta 1933 injiniya Edwin Armstrong ya yi rajistar tsarin FM, wanda ya ƙirƙira musamman don maganin wannan ƙara. Zuwa 1940 'yan sandan jihar Connecticut sun koma FM a faɗin jihar, bisa tsarin da Daniel Noble ya zana musu, mutumin da daga nan ya koma kamfanin da aka sani yau da Motorola. Mafi yawan oba-oban jami'an tsaro a yanzu ko dai FM ne ko dijital. Direbobin manyan motoci na Amurka kuwa, masu hira a tasha ta 19 ta rediyon CB a kan megahaz 27, galibinsu har yau a AM suke, shi ya sa suka fi kowa sanin wannan ciwon kai. Takwarorinsu na Ostareliya suna amfani da FM a megahaz 477, inda ƙarar injin ba ta cika kaiwa ba. Ba ta cika ba, amma tana kaiwa.

[KIƊA: gajere]

Abu na farko da ƙwararren mai gyara ke dubawa ba ya cin ko sisi. A jikin rediyon akwai maɓallin da aka rubuta wa SQL. Aikinsa rufe sifika har sai sigina mai ƙarfi ta shigo. Idan aka bar shi a buɗe, rediyon FM zai yi ta shuu ko da an kai shi tsakiyar Sahara, domin wannan shuun daga cikin na'urar kanta yake fitowa. Idan kuma aka matse shi da yawa, shuu zai tafi, amma kiran da ya zo daga nesa ma ba zai shigo ba. Daidai shi ne a murɗa a hankali zuwa inda shuun ya ɗauke, a tsaya a nan.

Idan ba nan matsalar take ba, sai tambayoyi biyu da ke raba gardama.

Ta farko: ƙarar tana nan idan an kashe injin? Mai gyara kan fitar da motar fili, nesa da turakun lantarki da janareto, ya kashe komai in ban da rediyon. In ya ji tsit, to mai laifin yana cikin motar.

Ta biyu: ta wace ƙofa ƙarar ke shiga? Ƙofofin biyu ne, eriya da wayar wuta. Sai a tayar da mota, a kwance wayar eriya daga bayan rediyon. In ƙarar ta ɓace, ta iska take zuwa, eriya ke kwaso ta. In tana nan daram, ta wayar batir take biyowa. Sharaɗi ɗaya ne a wannan gwaji: ba a danna makirfo alhali eriya tana cire, domin wutar da rediyon ya tura ba ta da wurin fita, sai ta komo ta ƙona shi.

[SAUTI: Siririn kuka, wiii, yana hawa yana sauka tare da injin.]

Wannan kukan altaneta ne. Altaneta na samar da wuta mai kai-komo, sannan dayod guda shida, a mafi yawan motoci, su daidaita ta kafin ta shiga batir. Daidaitawar ba ta cika sumul ba, akwai 'yar rawa da ke saura a jikin wutar, kuma wannan rawar ce kunne ke ji a matsayin kuka. Da an taka totur sai kukan ya ƙara tsini, da an saki sai ya sauko. Idan dayod ɗaya ya mutu, ko kan batir ya yi gishiri, kukan kan ninka. Mai wayarin zai ɗora mita a batir injin na aiki: ƙaramar mota mai lafiya kan nuna tsakanin bolt 13.8 zuwa 14.4.

Sau da yawa laifin na wanda ya ɗaura rediyon ne, wanda ya nemi sauƙi ya jona shi a soket ɗin kunna sigari, layin da ke haɗe da tarkacen na'urori. Gyaran shi ne a ja wa rediyon tasa waya mai kauri kai tsaye daga batir, a sa fiyus dab da batir ɗin, a kuma bi da ita nesa da wayoyin injin. A sababbin motoci masu na'urar auna caji a kan negetib ɗin batir, a jikin ƙarfen bodi ake ɗaure baƙar wayar rediyon, wato ta negetib, kusa da inda ta motar take. In kukan ya ƙi tafiya, sai a sa matatar wuta a kan layin. Tirela mai bolt 24 tana da ƙarin abin zargi, wato akwatin da ke sauke wuta zuwa bolt 12. Na arha kan yi tasa ƙarar.

[SAUTI: Tat-tat-tat, yana ƙara sauri.]

Wannan kuma fulogi ne. Kowane fulogi na harba tartsatsi da wutar da kan haura bolt 20,000, kuma tartsatsi shi ne mafi tsufan hanyar watsa siginar rediyo: da shi Heinrich Hertz ya yi gwaje-gwajensa a 1887, da shi Marconi ya aika saƙonninsa na farko. Injin fetur mai silinda huɗu kamar ƙananan tashoshin rediyo huɗu ne a ƙarƙashin bonet. Shi ya sa a Green Bank da ke jihar West Virginia, inda masana taurari ke sauraron sararin samaniya a yankin da aka keɓe tun 1958 don shirun rediyo, motocin dizal kaɗai ake bari su kusanci manyan faifan sauraron, saboda injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi.

Bambance shi da altaneta ba wuya. Na fulogi bugu ne ɗaya bayan ɗaya, kuma da an murɗa makulli an kashe yake yankewa nan take, na altaneta kuwa kan ɗan ja kafin injin ya gama tsayawa. Maganin farko shi ne fulogi mai birkin ƙara a cikinsa, mai ƙarfin kusan om 5,000. A fulogin NGK harafin R da ke cikin lambarsa ne alamar. Sai a duba wayoyin fulogi da kwayil, ko sun tsage. Masu wayarin kan buɗe bonet da dare injin na aiki, domin a duhu ana ganin shuɗin tartsatsin da ke tsallakawa daga wayar da ta fashe.

Akwai ƙananan masu laifi. Famfon mai na lantarki kan tona asirin kansa: da an murɗa makulli, tun kafin a tayar da injin, sai a ji zuu na daƙiƙa biyu ko uku a sifika. Waifa, fankar radiyeta da fankar AC kuwa, kunna su ake yi ɗaya bayan ɗaya ana saurare. Ƙaramin kwandansa a bakin wayar kowanne, ko zoben ferait da ake maƙala wa waya, yakan wadatar.

[KIƊA: gajere]

Masu laifin zamani sun fi wayo. Fitilar LED, cajar waya, kyamarar gaban mota da inbata duk suna da 'yar na'urar da ke kunna wuta tana kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda. A rediyon FM ba lallai a ji ƙararsu ba. Abin da ake gani shi ne rediyon da ke kamo kira daga nesa ya koma ba ya ji sai na kusa. A watan Agustan 2018 rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta fitar da gargaɗi cewa wasu fitilun LED na dakushe rediyon jiragen ruwa, ta kuma ba da gwajin da ya dace da mota ma. A kashe fitilun, a kai rediyon tashar da babu kowa, a murɗa SQL daidai inda shuu ya ɗauke, sannan a kunna fitilun. In shuun ya dawo, an kama ɓarawon.

Motocin lantarki sun ƙara girman abin. Ƙarar injinansu ta sa kamfanoni irin su BMW da Tesla suka cire rediyon AM daga wasu motocinsu. Ford ma ya yi niyyar haka, ya janye a 2023 bayan 'yan majalisar Amurka sun yi ca.

Sai eriya, wadda aka fi rainawa. Sandar da ake gani a saman mota rabin eriya ce kawai, ɗaya rabin shi ne ƙarfen motar. Idan fenti ko tsatsa suka shiga tsakanin gindin eriya da bodi, sigina ta yi rauni, ƙara ta samu fili. Tsakiyar rufin mota ya fi ko'ina. Bamba da gefen bonet kusa suke da injin. Tsawo ma yana da ƙa'ida: kusan mita 2.7 a megahaz 27, kusan santimita 50 a megahaz 150, kusan santimita 16 a megahaz 477. Wayar eriya ta oba-oba mai om 50 ce, ta talabijin mai om 75 ce, kuma duk da kamanninsu ba sa maye gurbin juna. Wayar da ƙofa ta daɗe tana matsewa, ko wadda ruwan damina ya shiga, canza ta ake yi. Mitar SWR ce ke faɗin gaskiyar eriya: ƙasa da 1.5 lafiya lau, sama da 3 a daina magana sai an gyara.

Bonet, but da salansa suna zaune ne a kan hinji da roba, ba su haɗu sosai da sauran ƙarfen ba, don haka sukan watsa ƙarar injin maimakon su tare ta. Ana ɗaure su da bodi da gajeriyar wayar tagulla mai faɗi, irin wadda aka kitsa, bayan an kankare fenti har ƙarfe ya fito fes.

[SAUTI: Iska mai ƙarfi, da ƙaf-ƙaf jefi-jefi.]

Wata ƙarar kuwa ba ta da alaƙa da motar. Zzz ɗin da ke tashi a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ya ɓace bayan an wuce, tartsatsi ne daga turken da wani abu ya saki. Ƙaf-ƙaf ɗin damina walƙiya ce, wani lokaci daga hadarin da ido bai ma hango ba. Irin wannan bincike ne kamfanin Bell ya ɗora wa Karl Jansky, wanda a 1932 ya kasa ƙarar da ke damun wayar rediyo gida uku: hadari na kusa, hadari na nesa, da wani shuu mai ɗorewa wanda daga baya ya gano daga tsakiyar tarin taurarinmu yake zuwa.

A ƙasar Hausa akwai ƙari. Daga Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Busasshiyar ƙura na ɗauke da caji, irin wanda ke sa mutum ya ji tsit idan ya taɓa ƙofar mota. Motar da ke gudu cikin hazo tana tara shi, ya riƙa tsiyaya ta tsinin eriya, rediyo ya ji shi kamar ana suya. Alamarsa ita ce ƙaruwa da gudun mota, ko da injin bai canza murya ba, da raguwa idan an tsaya. Ɗan ƙwallo ko hular roba da ke kan eriya na rage wannan tsiyayar, don haka in ta faɗi, mayar da ita ake yi.

Idan an bi duk waɗannan ƙarar ba ta tafi ba, sai a zo kan rediyon. A jijjiga igiyar makirfo a ji ko ta karye daga ciki, a tambayi na ɗaya ɓangaren ko shi ma yana jin ƙarar, sannan a ɗauko wani rediyon da aka tabbatar da lafiyarsa a jona shi a kan eriya da wayar wutar nan. In baƙon ya yi tsit, na gidan ne zai tafi wurin mai gyara. In shi ma ya kama kuka, sai a koma ƙarƙashin bonet.

  

[KIƊA: na rufewa]