Tudun guba na garin Fensakola

Ƴan uwa, kowa ya san ɓarnar gara. In ka kafa itace cikin ƙasa, kafin damina biyu ta cinye gindinsa. Shi ya sa magina suke neman azarar giginya, don gara ba ta cinta da sauƙi. A ƙasashen Turawa ma itace yana ruɓewa, ƙwari suna cinsa. Dabarar da suka samo ita ce su shayar da itacen magani mai guba. Yau za mu ba ku labarin wata masana'anta da ta yi wannan aiki a Amurka, da wahalar da ta bar wa maƙwabtanta.

Sunan kamfanin Escambia. Yana garin Fensakola, cikin jihar Fulorida, a bakin teku. Ya fara aiki a shekara ta 1942, ya daina a 1982. Faɗin filinsa hekta 10 da ɗan ɗori. Turakun wayar lantarki da na tarho yake shayarwa, da katakon gini.

Yaya ake shayar da itace?

Ana tura turakun cikin wata doguwar tukunyar ƙarfe, a rufe ta ruf. Sai a cika ta da magani, inji ya matsa da ƙarfi har maganin ya shiga cikin jikin itacen. Magani iri biyu ne. Na farko kiriyozot, baƙi ne, mai kauri, mai wari kamar kwalta. Daga gawayin ƙasa ake samo shi, irin wanda ake haƙowa a Anu Araran. Na biyu sunansa ya yi tsawo, ana taƙaita shi da PCP. A cikin PCP akwai wata guba ɓoyayya da ake kira diyoksin. Kaɗan ɗinta ma illa ne, kuma tana daɗewa cikin ƙasa ba ta lalace ba. Likitoci sun tabbatar waɗannan abubuwa suna iya kawo ciwon daji.

In an fito da turakun, magani yana ɗiga a ƙasa. Ruwan dauɗar aikin kuwa cikin ramuka aka riƙa zuba shi, shekara da shekaru ba a daɓe ƙasansu da komi ba. Ƙasar Fensakola rairayi ce, kamar jigawarmu. Kun san yadda jigawa take shanye ruwa. Ga shi kiriyozot ya fi ruwa nauyi. Saboda haka bai tsaya sama ba, ya yi ta nutsewa har ya isa ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa.

A 1991 kamfanin ya karye, aka bar wurin ba mai kula. Aikin ya faɗo kan gwamnati. Tun 1980 Amurka tana da doka a kan irin waɗannan wurare: wanda ya ɓata shi zai biya kuɗin gyara, in kuwa ba shi da hali, a ɗauka daga asusun gwamnati. Ma'aikatar kare muhalli, wadda ake kira EPA, ta kawo manyan motocin haƙa. Daga 1991 zuwa 1992 suka haƙe ƙasa fiye da mita kubik 170,000. Mu ƙaddara babbar mota tana ɗaukar mita kubik 10 a sahu ɗaya. To, sai ta yi sahu 17,000 kafin ta kwashe.

Amma ina za a kai ta? Ba a kai ta ko'ina ba. Nan cikin filin aka tara ta, aka lulluɓe da baƙar roba. Tsawon tarin ya kusa mita 18. Mutanen unguwa suka sa masa suna Tudun Diyoksin.

Mutanen da ke kewaye da wurin yawancinsu baƙar fata ne, talakawa. Lokacin haƙa, iska ta riƙa kai musu ƙura har gida. Suka yi kukan ciwon ido, da ƙaiƙayin jiki, da wuyar numfashi. A 1992 suka kafa ƙungiya. Shugabarsu wata tsohuwar malamar lakkol ce, Margaret Williams, wadda ta girma a unguwar. Buƙatarsu ɗaya ce: a tashe su duka, ba rabi ba. Da farko hukuma ta so ta tashi gidajen da suka fi kusa kaɗai. Ƙungiyar ta ƙi. Suka yi ta taro, suna rubuta takardu, suna kiran ƴan jarida. A 1996 gwamnati ta yarda za ta sayi gidajen, ta sake wa iyali 358 mazauni. Daga baya lissafin ya wuce 400. Sun samu abin da suka nema, amma unguwar ta watse, maƙwabtan shekaru da yawa kowa ya kama gabansa.

Tudun kuwa ya daɗe a tsaye. Sai wajen 2010 aka gama da shi. An haƙa wani ƙaton rami, aka shimfiɗa roba mai kauri a ƙasansa. Ƙasar da ta fi guba aka kwaɓa ta da siminti don ta daskare. Aka zuba wajen mita kubik 400,000 a ciki, har da ƙasar da aka kankaro daga tsofaffin gidajen, aka rufe. Ku lura da kyau: ba a kashe gubar ba, ɗaure ta aka yi. Ba a yarda a sake gina gidajen zama a filin ba.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi wuya, don ba a iya kwashe shi da mota. Gubar ta bi shi ta yi tafiyar wajen kilomita 2. An gina ƙananan rijiyoyi, ba na sha ba, na ɗibar ruwa a auna. An kuma tsara tura tururi mai zafi cikin ƙasa don kiriyozot ya narke a zuƙo shi. A 2015 ƙasashen duniya suka sa PCP cikin magungunan da za a daina, a ƙarƙashin yarjejeniyar Sitokom. Nijar tana cikin wannan yarjejeniya.

Mu fa, ina ruwanmu?

Akwai ruwanmu. In kun ga tsohon turken waya baƙi mai warin kwalta, kada ku faskara shi ku yi girki. Hayaƙinsa guba ne, tokarsa ma kada a kai ta gona. Kada a sassaƙa shi a yi turmi ko komin shayar da dabbobi. Wasu suna shafa wa ginshiƙin rumfa baƙin man mota don gara. In za a yi, a yi shi nesa da rijiya, kada a zubar da saura a ƙasa. Tano ko bido da ya taɓa ɗaukar maganin fara ko na ƙwarin gona, ko an wanke shi sau goma, ba na ruwan sha ba ne. A huda shi don kada wani ya ɗauka, a sanar da malamin gona ko mai gari.